Fatawar Arzika a Tsakiyar Teku

A Obiagu ta Inugu, in kana neman faɗa da Arzika mai tsire, ba sai ka kushe namansa ba. Ce masa Malam kawai. Abin har dariya yake ba mutane, don a ƙasar Kudu duk Bahaushe Malam ne: mai goro Malam, mai gadi Malam, wanda bai taɓa taka ƙofar makaranta ba shi ma Malam. Amma Arzika da ya ji sai ya ajiye wuƙa a kan tebur, ya ɗago jajayen idanun nan nasa da hayaƙi ya cinye, ya ce, "Sunana Arzika." Ko matar Ibo ce ta zo sayen tsire da goyo a baya, sai ya gyara mata kafin ya naɗe mata nama. Masu tsokana sun yi har sun gaji, don ba ya zagi, ba ya duka, tsayawa kawai yake yi har tsiren ya ƙone a gabansa.

Ba haka ya taso ba. An yi lokacin da babu sunan da yake so a duniya kamar wannan.

Shi da wansa 'yan Wudil ne, gidan mahauta. Ubansu ya rasu Arzika yana rarrafe, uwar ta bi bayansa ba da jimawa ba, sai wansa Hammadu ya zame masa uwa da uba. Hammadu ne ya ɗauko shi a wagunun shanu, suka yi ta shaƙar kashin dabbobi har Fatakwal, inda wani ɗan garinsu ya samar wa Hammadu gurbi a kwata. Hammadu ƙato ne, baƙi, mai dariyar da ake jiyowa tun daga bakin kasuwa. Babu bijimin da yake gagararsa kayarwa, amma ka ɗora masa allo a cinya sai gumi ya karyo masa. Fatiha da 'yan gajerun surori, iyakar abin da ya samu ke nan, kuma da su yake sallar da ba ya bari ta wuce shi ko ana ha-maza-ha-mata.

Abu ɗaya ne yake ci masa rai, a ce wai gidan mahauta ba a yin malami. Saboda haka ya hana ƙanensa taɓa wuƙa, ya kai shi zauren Liman Awwalu, limamin unguwar Hausawa. Arzika ya yi karatun allo har aka buɗe masa littafin farko na ilimi, babin tsarki. A nan ya ji karatun da ya zauna masa daram a ka: ruwan da launinsa ko ƙanshinsa ko ɗanɗanonsa ya sauya, ba a alwala da shi, ba a wanka da shi. Washegari aka shiga hidimar babbar salla, raguna suka cika gari, kwata ta rasa hannu, Arzika ya ce bari ya je ya taya Yaya na 'yan kwanaki. Gaskiyar magana ita ce ya fi son hayaniyar kwata da zaman zaure. 'Yan kwanakin nan ba su ƙare ba har ya tsirar da gemu.

Hammadu ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya haƙura. Amma a wurinsa an riga an yi malami a gida.

"Malam, wannan yankan ya yi kuwa?"

"Malam, na yi mantuwa a raka'a ta biyu, ƙabli ne ko ba'adi?"

A gaban jama'a yake tambaya, da ƙarfi, yana waige-waige don a ga ƙanensa. Arzika kuwa sai ya gyara murya ya ba da amsa. Abin da ya sani ya faɗa, abin da bai sani ba ma ya faɗa, don bai taɓa iya cewa "ban sani ba" a gaban wannan fuskar mai cike da alfahari ba.

Akwai wani Bature mai harkar katako da Hammadu yake kai wa nama gida. Mahauta suna ce masa Mai Lofe, don ba a taɓa ganin bakinsa babu lofe ba. Mutumin yana da ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, irin wanda Turawa ke ce wa yot: farin fenti, dogon itace a tsakiya, a ɗaura masa tamfol iska ta tura. Yana da ɗan inji, amma na shiga tasha da fita ne kawai. Da maganar 'yancin kai ta yi ƙarfi, Mai Lofe ya ga zamansa ya kusa ƙarewa, sai ya ce kafin ya sayar da jirgin ya koma ƙasarsu, zai tsallaka teku da shi zuwa Birazil ya dawo. Yana neman kuku mai ƙarfi wanda zai iya jan igiya. Duk mai hankali a Fatakwal ya ce a kai kasuwa. Hammadu ya ce shi zai je.

Matarsa Tabawa ta yi kuka, ta yi fushi ta wuni a gidan maƙwabta, ta dawo ta tarar yana ɗaure kaya yana waƙa. Sai ta kira Arzika bayan ɗaki. Su biyun ba sa haɗuwa sai da tsokana irin ta mace da ƙanen miji, amma ran nan ba ta yi dariya ba.

"Yayanka ba ya jin maganar kowa sai taka," ta ce. "Tunda ya ƙi zama, bi shi. Kai ne mai karatu. Na ba ka amanarsa, ka dawo mini da shi da ƙafarsa."

Arzika ya bugi ƙirji ya ce ta sa ranta a inuwa.

Tafiya ta yi kyau har ta sa suka raina teku. Bayan aman farko, suka saba da ɗakin da in ka miƙe kanka ya bugi rufi, da murhun da ke lilo da tukunya a kai, da barci rabi da rabi don kowa yana da lokacin riƙe sitiyari. Da safe su tsinci kifaye masu fiffike da suka faɗo cikin jirgi, Hammadu ya soye su da man ja. Mai Lofe yana nuna musu gabas da wani agogonsa, su yi salla a zaune, hannu ɗaya riƙe da igiya. Ruwan sha yana cikin tankuna biyu a ƙarƙashin daɓe, lallaɓa shi ake yi, saboda haka yawancin salloli da taimama suke yin su. Hammadu yana da dutsen taimamarsa, baƙi, sumul, wanda ya tsinta a kogin Wudil tun yana saurayi. Wanke-wanke da wankin daɓe kuwa, sai a jefa guga a teku a ja. A Birazil suka ga baƙaƙen mata da manyan ɗankwalaye suna suyar ƙosai a bakin titi. Hammadu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, wai ya tsallake duniya ya zo ya tarar da karin kumallon Tabawa.

A dawowa ne teku ta nuna musu halinta. Sun ci mafi yawan hanya, Mai Lofe har ya fara maganar wankan da zai yi a Fatakwal, sai hadari ya taso musu da rana tsaka. Jirgin ya kwanta a gefe ɗaya, ruwa ya bi ta kansu, duk abin da ba a ɗaure ba ya tafi. Da abin ya lafa suka duba. Babban tankin ya tsage, ruwan gishiri ya shiga. Ƙaramin ne ya rage, shi ma an riga an sha rabinsa. Dutsen Hammadu, da ya ajiye a gindin itacen tamfol bayan azahar, babu shi babu dalilinsa.

Sai kuma iska ta ɗauke ɗif. Tamfol ya yi laƙwas kamar wankin da aka manta a igiya, teku ta kwanta ta yi santsi, rana ta sauko ta zauna musu a ka. Mai Lofe ya yi aune-aunensa ya ce ƙasa tana kusa, in iska ta zo ba za su daɗe ba. Man injin kuwa ba zai kai su ko'ina ba, na shiga bakin kogin Boni ne, hanyar Fatakwal. Ya ɗauko gwangwanin madara ya ce daga yau kowa cikinsa ɗaya da safe, ɗaya da yamma. A nan dai bai zalunce su ba, don a gabansu yake aunawa, nasa ne ma na ƙarshe.

La'asar ta yi. Hammadu ya zagaye jirgin yana neman abin da zai buga hannu a kai. Katako ne, sai ƙarfe, sai igiya, sai tamfol, ko ƙwayar ƙasa babu. Ya tsaya a kan gugan da ke cike da ruwan teku, ya daɗe yana kallonsa. Ruwa ne fari tas, har ana ganin gindin guga.

"Malam," ya ce, "wannan fa? Ana alwala da shi?"

Arzika ya tsoma yatsa ya lasa, don a ga ba da ka yake magana ba. Gishiri ya gauraye masa baki. Karatun nan ya taso masa da muryar Liman Awwalu, kalma bayan kalma, kuma wallahi daɗi ya ji, don yau an tambaye shi abin da ya tabbata ya sani.

"Ɗanɗanonsa ya sauya, Yaya. Ba a alwala da shi. Ko tsarki ba a yi da shi."

"To," in ji Hammadu. "Allah ya yi wa karatu albarka."

Ya ɗauki gwangwaninsa na yamma, ya kurɓi kaɗan, ya yi alwala da sauran, kowace gaɓa sau ɗaya, yana lashe abin da ya ɗigo daga gemunsa.

Haka suka ci gaba su biyun. Arzika da ƙuruciya a jikinsa, ga ciki babu komai, yana iya riƙe alwala ɗaya ya yi salloli da yawa da ita. Hammadu ne aka samu matsala. Wani kifin gwangwani da ya kumbura, wanda ya hana kowa ci amma ya ce kada a yi asara ya cinye shi kaɗai, shi ya ɓata masa ciki. Zawo ya kama shi, zazzaɓi ya biyo baya. Duk fita ɗaya alwala ta tafi, kuma sai an yi tsarki kafin a sake wata. Mutumin da ya fi kowa buƙatar ruwa a ciki, shi ne yake zubar da nasa a kan fata.

Mai Lofe ya gane ranar da ya ga gemun Hammadu a jiƙe, leɓɓansa kuwa a tsattsage. Ya taso da gurɓatacciyar Hausarsa.

"Hamadu, kai mahaukaci? Wannan ruwa na sha! Na sha!" Ya ɗago gugan ya dangwarar a gabansa, ya buɗe hannuwa yana nuna teku gabas da yamma. "Ga ruwa! Duka wannan ruwa! Wanke da wannan, sha wancan!"

Hammadu bai dubi Baturen ba, ƙanensa ya duba.

"Masta, dis wan no bi yo mata," in ji Arzika. "Ba ruwanka, maganar addini ce." Ya juya ga wansa. "Rabu da shi, Yaya. Mutumin da yake fitsari a tsaye, me ya sani a tsarki?"

Hammadu ya ƙyalƙyale da dariya, 'yar siririya, ba irin ta bakin kasuwa ba. Daga ranar Mai Lofe ya koma tsayawa a kansa sai ya sha, amma ƙaton mutum ba a yi masa ɗure. Hammadu zai kurɓa don kunyar ido, ya rufe sauran da tafin hannu ya ce sai an jima. Baturen ya yi faɗa, ya yi roƙo, har ya gaji ya koma gindin sitiyari ya dafe kai.

Kwanaki suka shige cikin juna har aka daina sanin sunansu. Rana ta fito daga ruwa, ta faɗa cikin ruwa, jirgi yana nan inda yake yana jujjuyawa a hankali, ɓawon da aka jefar jiya yana nan a gefe yana kallonsu. Harshe ya kumbura a baki. Ba mai son magana, ba mai son ganin fuskar ɗan'uwansa. Wani lokaci su hango hadari can nesa yana zubar da ruwa a kan teku, su shimfiɗa tamfol su jera tukwane, ya gama zubarsa ya watse bai zo inda suke ba. Ran da hakan ta faru karo na biyu, Arzika ya ga Mai Lofe yana kuka babu hawaye. Arzika kansa ya fara ba wansa nasa rabon. Hammadu zai karɓa ya yi godiya, in lokacin salla ya yi sai Arzika ya ji ɗigon ruwa a kan katako.

Ƙaton nan ya zube ya koma ƙashi da fata. In ka ja fatar hannunsa sai ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa. In zazzaɓi ya taso, ba ya maganar komai sai randar Tabawa da ke gindin mangwaro, da saiwar jema da take jefawa a ciki don ƙanshi, da yadda yake shan moɗa biyu a tsaye in ya dawo daga kwata tana yi masa faɗa ya zauna.

Arzika mahauci ne, ya san kamannin dabbar da ba za ta kai kasuwa ba. Wata safiya ya dubi wansa ya ga wannan kamannin, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ko ranar hadari. Ya tuna Tabawa a bayan ɗaki. Ya zauna ya yi ta saƙawa da kwancewa, har ya yanke shawarar aikata abin da a ganinsa shi ne zunubi mafi girma a rayuwarsa: zai yi wa addini ƙarya. Ya ja guga cike, ya kawo ya ajiye a gefen majinyacin.

"Yaya, na tuna wani abu. Liman ya ce ruwan teku daban yake. Ana alwala da shi. Ni ne na manta."

Hammadu ya buɗe ido da ƙyar, ya daɗe yana kallonsa.

"Tun kana rarrafe nake kallon fuskar nan," ya ce. "In za ka yi ƙarya, kunnenka kake ja."

Arzika ya sauke hannunsa daga kunne.

"Ba ƙarya ba ce, Yaya."

"To rantse."

Ya buɗe baki. Kalma ɗaya ce, kuma ya sha faɗarta a kwata a kan abin da bai kai ya kawo ba, a kan nauyin cinya, a kan shekarun saniya. Amma a nan, a tsakiyar ruwan Allah, da mutuwa tana zaune a tsakaninsu, ya ɗauki sunan Allah ya ɗora a kan abin da ya tabbata ƙarya ne? Ya rufe bakin. Ya sunkuyar da kai.

"Ka gani," in ji Hammadu, ba da fushi ba. Ya laluɓo hannun ƙanensa ya riƙe. "Kada ka zubar da karatunka saboda ni, Malam. Shi kaɗai na tara a duniya. In tafiya ce, gara ta same ni da tsarki."

Iska ta dawo bayan nan, a hankali, kamar mai jin kunya. Tamfol ya cika, ruwa ya fara ƙara a gefen jirgi. Washegari launin teku ya sauya ya koma kore, ganyaye da guntayen itace suka fara wucewa, sai ga warin taɓo da hayaƙin masu banda kifi. Mai Lofe ya tada inji da ɗan man da ya rage. Arzika ya tallafo wansa ya jingina shi da ƙirjinsa, ya nuna masa wani siririn baƙin layi a ƙarshen ruwa.

"Ga ƙasa can, Yaya. Yau za ka sha ruwan randa."

"La'asar ta yi?" in ji Hammadu.

Ta yi. Arzika ya roƙe shi da girman Allah, da girman iyayensu, ya sha na yau kawai, ya rama sallar a gida. Hammadu ya miƙa hannu, aka ba shi gwangwani. Arzika ne ma ya riƙe masa yana zubawa, don bai iya hana shi ba kuma bai iya kallon ruwan yana zubewa a banza ba. Ya yi alwalarsa cikakkiya, ya yi kabbara a jingine, leɓɓansa suna motsi. Arzika yana jin nauyinsa a ƙirji, har ya ji nauyin ya sauya.

Ba a jima ba masuntan Boni suka iso da kwalekwale, suka miƙo musu tulun ruwa cike.

A Fatakwal aka binne Hammadu. Wurin zaman makoki Arzika ya ba da labari, don shi ne kaɗai abin da ya rage masa na riƙewa: yadda Yaya ya zaɓi ƙishi a kan ya tsaya gaban Ubangiji babu tsarki, ga ruwa iya ganin ido amma ba na alwala ba. Mahauta suka yi ta kabbara, wasu suna share hawaye, aka ce wannan ai mutuwar shahada ce. Liman Awwalu kuwa yana jan carbi yana kallon tabarma. Da jama'a suka ragu ya ce Arzika ya same shi a zaure.

Zauren nan ne dai, da buzun nan, da ƙanshin tawada.

"Arzika, wa ya ce muku ba a alwala da ruwan teku?"

"Ai kai ka karantar da ni, Allah gafarta Malam. Ruwan da ɗanɗanonsa ya sauya."

Tsohon ya rufe ido ya yi salati. Ya so ya yi shiru, an ga alama, amma limami ne, kuma an faɗi abin a gaban jama'a.

"Wannan rabin karatun ne, ɗana. Sauran rabin shi ne na washegari, ranar da ba ka zo ba. Sauyin da ake nufi shi ne wanda wani abu ya faɗa cikin ruwa ya jawo. Ruwan da aka halitta da gishirinsa, ko wanda ya ɗauki launin ƙasar da yake kwance a kai, mai tsarki ne. Ruwan teku ana alwala da shi, ana wanka da shi. Kuma ko da ba a yi, ba a ce wa mai tsoron mutuwa da ƙishi ya zubar da ruwan shansa ba."

Ya ci gaba da magana a kan ajali, da niyya, da rahamar Allah. Arzika bai ji ko ɗaya ba. Gugan nan yake gani, cike, a gefen kan Yaya. Ashe gaskiya ya faɗa ran nan da hannu a kunne, gaskiyar da Nasara ma ya faɗa, shi kuwa ya kasa rantsewa a kanta.

Daga zauren ya wuce gidan Yaya, don bai gaisa da Tabawa ba tun saukarsa. Tana cikin ɗaki tana takaba. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi sallama, ya shirya wa zagi, yana ma fatansa. Sai ga hannu ya fito ta ƙarƙashin labule ya turo masa kwanon ruwa, sanyinsa har ya yi raɓa a jikin kwanon, ƙanshin jema yana tashi.

"Sannu da hanya," ta ce, muryarta a dishe. "An ce bai bar salla ko ɗaya ba. Da ba ka nan, wa zai tsaya masa a kan addininsa? Na gode, Malam."

Ya daɗe riƙe da kwanon. Ya ajiye shi yadda yake, ya tashi. Bai gaya mata ba, kuma bai sake taka gidan ba.

Anaca ya fara komawa, ya kama aiki a kwatar bakin Kwara. Da damina ta yi, kogi ya cika ya yi jawur da taɓo, ya ga Hausawa a jere a bakin gaɓa suna alwala da shi hankali kwance. Sai ya tuna haka kogin Wudil yake yi duk shekara, haka shi ma ya yi alwala da shi ba sau ɗaya ba, bai taɓa tambayar kansa komai ba. Bai ƙarasa daminar a garin ba. Ya hau mota zuwa Inugu, garin tuddai da kwal, inda ba a ganin ruwan da ya fi na famfo faɗi. Ya kafa tukubar tsire a Obiagu. An yi bikin 'yancin kai yana juya nama. Bai yi aure ba, sallarsa a sahun baya yake yin ta, kuma ko yaro ya tambaye shi gabas sai ya ce a tambayi wani.

Fatawa ɗaya ce ta rage a bakinsa. Duk ranar da jirgin ƙasa mai ɗauke da shanu zai tsaya a Inugu a kan hanyarsa ta Fatakwal, Arzika yana rufe tukuba ya tafi tasha. Ya bi wagunu ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa fatake sallama, ya gaishe su da gajiya, sannan ya ce, "In kun isa can, ruwan teku ana alwala da shi." Waɗanda suka saba da shi su ce to, Baba, mun gode. Baƙi su dubi juna. Mutanen da daga tasha sai kwata, daga kwata sai masauki mai famfo, ina su ina teku?

Wata rana ya faɗa wa wani bafatake, mutumin Gusau mai sanda a kafaɗa, yana cikin ɗaure wa sa ƙaho. Mutumin ko ɗagowa bai yi ba.

"Haba dattijo, ai kowa ya san wannan."

Arzika ya tsaya.

"Kowa?"

"Kowa mana. Ko 'ya'yana sun sani."

Ya gyaɗa kai a hankali. Jirgin ya yi kuka alamar tashi, shanu suka hau turereniya a ciki. Arzika ya goge fuska da hannun riga, ya ja ƙafa zuwa wagunu na gaba, ya yi sallama.